Sojojin Maƙwabta a Makarantata

Ranar Litinin

Zuwa ga maigidana, Abban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar matar da ta daɗe ba ta sa mijinta a ido ba. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yan matanmu biyu. Yaya jikin Inna? Allah ya sa likitocin can sun shawo kan ciwon ƙodar, ita kuma ta rage yi musu gardama a kan magani. Ka ce mata surukarta na nan da ranta, ba abin da ya ragu a jikinta sai ƙiba.

Wata biyar ke nan tun da ka tsallaka iyaka da su, da niyyar ku yi mako biyu a asibiti ku dawo. Na san ka yi ta neman wayata. Tun makon da 'yan tawaye suka kama garin nan suka ƙone ƙarfen sabis, har yau ba a gyara ba. Direban motar magani, wanda ke zuwa daga wajenku duk mako, shi ya ce in rubuta zai kai maka har ƙofar asibiti.

Ka riga ka ji a rediyo cewa sojojin ƙasar da kake zaune a cikinta sun shigo tamu. Abin da rediyo ba zai gaya maka ba shi ne inda matarka take a ranar. Da hantsi 'yan tawaye suka bi gida-gida suka tara mu a babbar rumfar kasuwa, mu kusan saba'in, mata da tsofaffi. Sun ji sojoji na tafe, suna so su sa mu a gaban motocinsu su fita da mu. Matar mai burodi ta riƙe hannuna har ya sage. Kafin azahar muka ji ƙasa na girgiza. Masu tsaronmu suka dubi juna, suka watsar da mu, kowa ya yi ta kansa. Sojan farko da na gani wani gajere ne, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana ta yi mana magana da yaren da ba ma ji. Ya miƙo mini gorar ruwansa. Abban yara, na sha, na kuma fashe da kuka a gaban mutane.

Na san abin da za ka ce. Ban manta safiyar da gwamnati ta dare gida biyu ba, ɓangare ɗaya na kiran maƙwabta su kawo ɗauki, ɗayan na cewa duk wanda ya tsallako maƙiyi ne. Shayinka ya huce a gabanka kana yi mini darasin tarihi kamar ina cikin 'yan ajinka na sakandare, kana jero ƙasashen da aka shiga da sunan ceto aka bar su a wargaje. A lokacin na ce kana da gaskiya don ka bar ni in tafi aiki. Yanzu ban san abin da zan ce ba. Da ba su zo ba, da wani ne zai rubuto maka, ba ni ba.

Amma ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. A wannan ranar harsashin babbar bindigarsu ya faɗa gidan Tela, na layin bayanmu. Matarsa da mahaifiyarsa suna ciki. Babu ɗan tawaye ko ɗaya a layin. Kullum Tela yana buɗe shagonsa ya zauna, in motarsu ta zo wucewa sai ya juya wa titi baya.

Sai kuma makarantata. A cikinta suka sauka, don ita ce mai katanga da tankin ruwa. Ofishina ya zama na Kyaftin ɗinsu, teburina cike da taswira. Sun jibge bencinan yara a gindin katanga, rana na dukansu. A aji ɗaya suke kwana, a aji biyu suke girki, har da shanya safa a kan allo. Ni da nake shugabar makarantar, sai da aka tsayar da ni a ƙofa aka zazzage jakata kafin in shiga in ɗauko rajistar yara.

Ka shafa mini kan yara. Ka ce wa Babba ta riƙa haƙuri da Auta, ka ce wa Auta ta daina cika baki. Kai kuma ka riƙa cin abinci a zaune.

Matarka, wadda kake tsokana da
'Yar Alli

Ranar Laraba, bayan mako uku

Abban yara,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Na ji daɗi da na ji kumburin ƙafar Inna ya saɓe, da kuma cewa ka samar wa yara makaranta a can. Wasiƙarka shafi huɗu ce, uku da rabi na tarihi, rabin shafi nawa. Na karanta rabin shafin sau biyar, sauran sau ɗaya.

Ka tambaye ni wa ya zaɓe su, kuma gaban wa za su tsaya in sun yi kuskure. Da na karanta na ji haushinka. Na ce a raina, mutum na cin burodin mutane, mahaifiyarsa na kwance a gadon asibitinsu, yana kuma yi musu jarabawa. Bayan kwana biyu tambayarka ta zo ta same ni har gida.

Sun kama Injiniya. Ka san shi, bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba, amma shekara ashirin shi ke riƙe da injin ruwan garin nan. Yana kulle a aji uku, shi da wasu mutum goma sha takwas, an toshe tagogin da katako. Laifinsa, wai ya gyara wa 'yan tawaye motoci. Ya gyara kam, kowa ya sani. Bindiga suka ɗora masa a wuya a gaban iyalinsa.

Ga yadda abin ya faru. Sojojin ba sa jin yarenmu, sai suka ɗauki mai sayar da wayoyin nan na bakin tasha, wanda ya koyi nasu a fatauci. Yanzu yana yawo da baƙin tabarau da riga mai aljihu goma, ana ce masa Tafinta. Duk abin da Kyaftin zai ji game da garin nan, ta bakinsa yake ji. Ka tuna rigimar magudanar ruwan da ke tsakanin gidansa da na Injiniya, wadda ta shekara shida ba ta ƙare ba? To, ya samu masu yanke masa ita.

Kwana huɗu da kama shi injin ya tsaya. Bakaniken sojoji ya kwana biyu a kansa, injin ya yi tari ya mutu. Yanzu tankar ruwa suke kawowa, layi tun daga kasuwa har gaban asibiti. Mutanen da suka yi musu tafi wata ɗaya da ya wuce sun fara kallonsu ta wutsiyar ido. Jiya wani ya jefi tankar da dutse, na ga sojan da ke kanta ya gyara riƙon bindiga, yana waige-waige. Tsoro yake ji, kuma tsoronsa ne ya fi ba ni tsoro.

Yanzu ka gyara zama, akwai abin da na kasa rubuta maka a wancan karon.

'Yan tawaye sun gano makarantarmu na da injin fotokwafi. Suka zo gida suka tafi da ni ofis. Duk sanarwar da aka manna a garin nan a watannin nan, ni na buga ta. Yawanci dokar hana fita ce da irinsu. Amma akwai ɗaya da ta kira samari su hallara a filin ƙwallo don aikin gyaran hanya. Na san ba hanya za a gyara ba. Na buga kwafi ɗari. Har kuskuren rubutu na gyara musu, don hannuna ya saba, sai da na gama na ga abin da na yi. Goma sha ɗaya suka je. Takwas sun gudo sun dawo. Ukun da ba su dawo ba, dukansu ni na koya musu riƙe fensir.

Ba wanda ya kai sunana, don ni ba ni da magudanar ruwa da Tafinta. Na duba, na sake dubawa, ban ga wani bambanci tsakanina da Injiniya ba sai wannan. Shi yana kwance a simintin aji uku, ni ina kan katifa.

Gobe zan je wurin Kyaftin in faɗa masa komai. Ban jira shawararka ba, don kafin amsarka ta iso ban san abin da zai faru a layin ruwan nan ba. Ka yafe mini wannan, ka yafe mini wancan ma in za ka iya. Kada ka gaya wa Inna. In Direba ya zo maka hannu wofi mako mai zuwa, ka san ina makaranta, a aji uku.

Ina gaida yara, ina gaida Inna.

Taka,
'Yar Alli

Ranar Lahadi

Abban yara,

Assalamu alaikum. Kafin gaisuwa ma, kwantar da hankalinka: daga ɗakinmu nake rubuta wannan, a kan teburinka, na ture littattafanka gefe. Ina fata kuna lafiya, jikin Inna kuma na ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri da shirun mako biyu, za ka ga dalili.

Na roƙi Direba ya raka ni, don yana jin yarukan biyu, ba na kuma so maganata ta bi ta bakin Tafinta. Tafintan ya tare mu a ƙofar ofis, wai Kyaftin ba shi da lokaci. Na ce masa shekara goma sha ɗaya ina buɗe ƙofar nan, na san inda take cijewa. Na tura na shiga.

Ban taɓa ganin Kyaftin kusa ba sai ranar. Bai kai ƙanenka ba a shekaru, idanunsa jajur don rashin barci. A inda nake ajiye ƙararrawa ya jera hotunan sojoji huɗu. Na faɗa masa komai, tun daga injin fotokwafi har samarin nan uku, na ce in gyaran mota da bindiga a wuya laifi ne, to a shimfiɗa mini tabarma a aji uku. Da Direba ya fassara, Kyaftin ya dubi hotunan. Sannan ya ce, “Malama, me kike so in yi? Waɗannan huɗun a kan hanyar garinku suka mutu. An kawo mini sunaye, ban san fuska ko ɗaya ba. In na saki wanda bai kamata ba, gobe in ƙara hoto na biyar.”

Na ce, “Kai ba ka san su ba, mu mun san su. Kun fi mu bindiga, kun kuma cece mu, ba zan taɓa musun wannan ba. Amma ba ku fi mu sanin wanda ya yi don tsoro da wanda ya yi don ganin dama ba. Muna da alƙali.”

Ashe bai sani ba. An gaya masa duk ma'aikatan gwamnati sun gudu. Alhali Alƙali na bayan gidansa wata biyar yana noman tumatir, da tabaransa ɗaure da zare. Muka je wurinsa mu uku. Kyaftin ya ce matsalarsa ita ce gwamnatinmu biyu ce yanzu, bai san kotun wacce zai miƙa wa mutane ba. Alƙali ya kakkaɓe ƙasar hannunsa ya ce, “Ɗana, masu mulki ne suka rabu biyu. Dokar ba ta rabu ba, tana cikin akwati a ƙarƙashin gadona.”

Kwana takwas Kyaftin ya yi yana jayayya da manyansa ta rediyon soja, masu sayar da kaya a bakin katanga suna jin muryarsa. A ƙarshe aka amince: sojoji su tsare ƙofa daga waje, bindiga ba za ta shiga ba.

A zauren taron makaranta aka zauna, kwana uku. Ni da kaina na ɗauko kujerata daga ofis na kai wa Alƙali. An saki mutum goma sha uku, har da Injiniya. Shida an ci gaba da tsare su, don shaidu sun tsaya a kansu. Ɗaya daga cikinsu ƙanen matar mai burodi ne. Shi ya riƙa nuna wa 'yan tawaye gidaje ranar da aka tara mu a rumfa, kuma ita da bakinta ta faɗa, tana kuka. Ka ga ba duk abin da Tafinta ya kai ba ne ƙarya, abin da ya sa ƙaryar tasa ta shige ke nan. Kyaftin ya sallami Tafinta daga aiki. Da wasu suka yunƙura za su yi masa duka, Alƙali ya ce duk wanda ya taɓa shi zai gaji gurbin waɗanda aka sallama daga aji uku.

A rana ta uku na tashi na faɗi nawa. Mahaifiyar ɗaya daga cikin samarin na zaune a benci na biyu. Alƙali ya ce tilas aka yi mini, ba hukunci a kaina. Amma ya umarce ni in rubuta duk abin da na tuna: ranar, wanda ya kawo takardar, launin motar da ta kwashe su, hanyar da ta bi, don a ba masu neman waɗanda suka ɓata. Uwar ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Sai a bakin ƙofa, tana gyara mayafi, ta ce, “Ki rubuta da kyau, Malama. Kada ki bar komai.” Shi nake yi tun ranar, shi da zirga-zirgar shari'ar ne suka sa ka ji ni shiru. Na cika shafi tara.

Injiniya kuwa daga zauren bai bi ta gida ba, wurin injin ya nufa. Kafin la'asar famfon tsakar gidanmu ya yi atishawa ya kawo ruwa. Wai bakaniken sojoji ya ɗaure wani noti ne tam, wanda shi shekara ashirin yana barinsa sako-sako da gangan.

Ban ji daga gare ka ba tun wasiƙar da na gaya maka abin da na yi. Ina jira, ba na kuma gaggauta ka.

Gaisuwa ga Inna da yara.

Matarka,
'Yar Alli

Ranar Talata

Abban yara, abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Alhamdu lillahi da aka sallami Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi, ya saka wa likitocin nan da alheri. Wasiƙarka ta zo, shafi ɗaya tak, ba shekarar yaƙin kowa a ciki. Inda ka ce da kai ne a ofishin nan da bindiga a bayanka ba ka san abin da hannunka zai yi ba, nan na ajiye takardar na daɗe ban ɗauka ba. Na gode.

Labarin ƙawar Auta ya tsaya mini a rai. A ce yarinyar da suke benci ɗaya mahaifinta na cikin sojoji huɗun nan da suka mutu! Ka ce ka je gaida uwar, ka zauna, ka laluba duk abin da ka karanta ba ka samu abin faɗa mata ba, ka kuma fito ra'ayinka na nan yadda yake, sai dai ya yi maka nauyi. Ni ma nawa haka yake. Kafin ku taso ka koma ka gaya mata akwai wata mata a nan da ke numfashi saboda mijinta.

Sojoji sun tashi daga makaranta, sun koma tsohon siton bakin gari. Sun wanke azuzuwa, sun mayar da bencina, sun kafe waɗanda suka karye. Duk da haka aji ɗaya na warin takalmi har yanzu. Ranar da muka buɗe yara ɗari da arba'in suka zo, cikin ɗari uku. Aji uku na bar shi a buɗe mako guda ya sha iska kafin in sa kowa.

Kyaftin ya je wurin Tela, duk da manyansa sun ce kada ya je. Ya cire hula ya tsaya a ƙofar shago, ya ce za su sake gina gidan. Tela ya ce ba gini yake so ba. So yake a rubuta cewa harsashinsu ne, a sa sunayen matan biyu, Kyaftin ya sa hannu. A gaban Alƙali ya sa. Direba ya ce wannan sa hannun zai iya cinye masa ƙarin girma. Tela ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai ba shi hannu ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Sai babban labari: an samu ɗaya daga cikin samarin nan uku, a wani asibiti can kudu, da rauni a ƙafa amma da ransa. Hanyar da na rubuta aka bi. Ba ɗan matar benci na biyu ba ne. Ita ta fara zuwa yi wa uwarsa barka, sannan ta biyo ta makaranta ta tambaye ni ko na tuna wani abu kuma. Muna ci gaba da nema.

Ga dalilin da ya sa nake so ku taso wannan makon. Wa'adin sojojin zai cika ƙarshen wata, manyansu na tunanin ƙara wata uku. Kyaftin ya ce ba zai rubuta nasa ra'ayin ba sai ya ji na garin. Alƙali ya kira taro ranar Asabar da safe a zauren makaranta, za a ɗaga hannu, a ƙirga, a aika wa manyansu da duka ɓangarorin gwamnatinmu. Ba na yaudarar kaina cewa hannunmu ne zai yanke. Amma 'yan tawaye ba su tambaye mu ba, masu mulkinmu ba su tambaye mu ba, su ma sojojin ranar da suka shigo ba su samu wanda za su tambaya ba. Wannan ne karo na farko.

Ni zan ɗaga hannu su ƙara wata uku, da sharaɗin a rubuta ranar tafiya a manna a ƙofar kasuwa. 'Yan tawaye na nan a ƙetaren kogi, 'yan sandanmu kuma huɗu ne da keke ɗaya. Tela zai ɗaga su tafi. Injiniya ya ce shi bai yanke ba, duk lokacin da ya ce su zauna sai bayansa ya tuna masa simintin aji uku. Kai kuwa na san inda naka zai nufa, ba kuma zan roƙe ka ka sauya ba. Ina so mutane su ji ka. An ba kowa minti uku, na riga na gaya wa Alƙali in layi ya zo kanka ya ajiye agogo a gabansa.

Hanya ta buɗe. Direba ya ce motar fasinja na tasowa daga wajenku ranar Juma'a da sassafe, ya kuma kama wa Inna kujerar gaba. Kada ka manta katin asibitinta da sauran maganin. Na share ɗakin yara, na shanya katifu.

Ranar Asabar za mu fita tare, mu zauna a benci ɗaya. Ka ɗaga naka, in ɗaga nawa, a ƙirga mu duka biyun, sannan mu dawo gida ka gaya mini inda na yi kuskure.

Allah ya kawo ku lafiya.

Matarka mai jiran ƙarar mota,
'Yar Alli